Sarautar da Injiniya Ya Ci da Shirun Kwana Uku

A duk faɗin layin teloli babu wanda ya san makarantar da ta ba Injiniya injiniyancinsa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, shi ya rubuta shi da jan fenti a saman ƙofar shagonsa na gyaran waya, kuma shi kaɗai ke iya faɗinsa ba tare da dariya ta kufce masa ba. Gajeren mutum ne siriri mai ɗan karen cika baki. In ka ce masa ka ga jirgin sama, zai ce maka shi ya ɗaure masa fiffike. Waya kuwa, in ka kai masa ita ba ta ji, sai ya dawo maka da ita ba ta ji kuma ba ta gani.

Abu ɗaya ne ke damun ransa a duniya, wato surukinsa, Baba Tela, wanda shagonsa ke kallon nasa. Shekara goma sha ɗaya Injiniya yana auren 'yarsa, amma tsohon nan bai taɓa kiransa da wani suna mai nauyi ba. "Kai mai waya," shi ke nan, ko a gaban wa. Injiniya ya sha rantsuwa a zuci cewa ba zai bar duniya ba sai ya ji Baba ya kira shi da laƙabin girma da bakinsa, a gaban mutane.

To, telolin layin nan, da wasu dubbai a wurare masu nisa, suna amfani da wata manhaja ta waya mai suna Allura, wadda ke ajiye musu awon kowane mai kawo ɗinki. Kyauta ce, kuma ba ta da mai ita. Cikinta a buɗe yake, duk wanda ya iya sai ya leƙa ya gyara abin da ya ga ya lalace. Mutum tara ne ke kula da ita don Allah, bayan sun tashi daga ayyukansu. Bakwai suna can nesa, ba a ma taɓa ganin fuskarsu ba. Biyu kuwa a unguwar suke. Akwai Anti Mai Kemis, wadda ke riƙe da makulli, wato lambar sirrin da sai da ita ake fitar wa jama'a sabuwar siga. Sai kuma wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda kowa ke kira Malam Ban-Yarda-Ba, saboda ko ce masa ka yi an yi rana yau, sai ya fito ya duba.

Injiniya ya zama na goma ne ranar da ya canza launin wani maɓalli daga toka-toka zuwa kore. Aka yi masa godiya, aka sa sunansa a ƙarshen jerin waɗanda suka taimaka. Tun daga ranar layin bai sake hutawa ba. "Manhajata" da safe, "manhajata" da yamma.

Wata rana ya tsaya a ƙofar Baba Tela yana zuba, ga mutane zaune. Baba bai ko ɗago daga keken ɗinkinsa ba.

"Kai mai waya, in taka ce, me ya sa sunanka yake can ƙasa, ƙarƙashin na wanda ya zana hoton almakashi?"

Aka kwashe da dariya. Maganar ta soki Injiniya har ƙashi. Ya koma shago ya buɗe dokokin ƙungiyar, waɗanda bai taɓa karantawa ba. Shafi biyu ne kacal. Ya karanta na farko, ya ga ai ya gama gane komai, ya bar na biyu.

Ashe mutanen nan ba su da shugaba ko ɗaya. Duk mai shawara sai ya rubuta ta a zauren da suke tattaunawa a intanet. In aka yi kwana uku cur babu wanda ya ce bai yarda ba, ta zama doka. In kuwa mutum ɗaya ya ƙi, ya kuma kawo dalili, ta faɗi.

Injiniya ya buga cinya har sukundireba ta faɗo daga tebur. Ya ruga gida.

"Uwar yara, ki fara koyon tafiyar matan manya. Nan da Alhamis mijinki ya zama shugaban mutanen duniya."

Matarsa tana shanyar kayan yara, ba ta ko juyo ba. "Wace duniyar? Wadda fankar falonmu ke ciki? Don ita wata uku ke nan tana jiran ka."

"Fanka! Ina maganar mulki kina maganar fanka. Wawayen nan sun bar kujera ba kowa a kai. Shiru kawai nake buƙata, na kwana uku."

"Naka shirun ko nasu? In naka ne, an faɗi tun yanzu."

Ranar Litinin da ƙarfe huɗu na yamma ya aika shawarar. Don kada kowa ya buɗe, sai ya sa mata take mai sa barci: "Ƙaramin gyara kan tsarin jera fayiloli, kashi na biyu." A ciki kuwa ya rubuta cewa daga yau shi ne Babban Shugaba Mai Cikakken Iko. Duk wata magana da ta shafi Allura, daga ko'ina ta taso, kansa za ta sauka, ba mai amsawa sai shi. Kuma ba wanda zai sake duba aikinsa kamar wani ɗan koyo.

Mutum bakwai na nesa ba su dame shi ba, don ya san wannan take ba zai ja su ba. Matsalar biyu ce, kuma babbar ita ce Malam.

Talata da sassafe ya same shi a barandar gidansa, kwamfuta a kan cinya, yana shirin buɗewa.

"Malam, ina kwana? Wucewa nake na ce bari in gaishe ka. Kai, wannan kwamfuta taka! Ban taɓa ganin mai lafiya irinta ba. Ko kusa ba ta buƙatar gyara."

"Ban yarda ba. Jiya ma sai da ta tsaya mini sau biyu."

"To ko da tana buƙata, ai ba ni ya kamata ka ba wa ba."

"Ban yarda ba. Ɗauke ta ka duba."

Injiniya ya rungume kwamfuta, daɗi kamar ya yi rawa. Bai kai ƙofa ba ya ji motsi. Ya waiga, sai ga Malam ya zaro waya daga aljihu yana goge tabarau.

"Af, wayar ma lafiyarta ƙalau, Malam."

"Wannan kam na yarda," in ji Malam. A tarihin unguwar wannan ne karo na farko da aka ji kalmar a bakinsa, kuma ta zo wa Injiniya a mummunan lokaci. "Bari in leƙa zaure in ga ko an kawo wani sabon shirme."

"Haba Malam! Ka bar baƙo a tsaye ka kama waya? Ba wani ɗan aiki da zan taya ka?"

Malam ya dube shi ta saman tabarau, ya ajiye wayar a hankali. "Akwai ɗakin ajiya."

A ɗakin ajiyar nan akwai takardun jarrabawa na shekara talatin da biyar, da karyayyun kujeru, da ɓeraye waɗanda suka ɗauki wurin gadon kakanninsu. Injiniya ya yini yana fitar da kaya, ƙura ta mai da shi fari fat. Malam yana zaune a inuwa yana ba da umarni, waya a kan gwiwa. Da zarar Injiniya ya tsaya shan iska, sai Malam ya kai hannu wajen wayar, sai Injiniya ya zabura ya ɗauki wani buhun. Da aka gama ɗakin, aka koma wanke wata tsohuwar mota wadda ba ta da taya ko ɗaya.

Mai aski na layin ya zo wucewa ya tsaya ya riƙe haɓa. "Injiniya, aikatau ka koma?"

"Siyasa ce. Ba za ka gane ba."

"Siyasar da ake yi da soso da bokiti?"

"Ranar Alhamis za ka zo gaisuwa, ka ga ko zan gane ka."

Laraba Malam ya tuna rufin falonsa yana yoyo. Injiniya ya ce ai shi rufi tun yana goye yake gyara shi. Ya hau, ya taka nan, ya taka can, yana yi wa maƙwabta bayanin yadda ake bin katako. Bai rufe baki ba ƙafarsa ta huda kwano da silin gaba ɗaya, ta leƙo cikin falo har gwiwa, takalmi na lilo a saman kan Malam. Mata suka fito daga gidaje, masu wucewa suka tsaya. Malam ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Ban yarda wannan gyara ne ba," in ji shi.

Sai da mutum uku suka ciro shi. Baba Tela yana cikin 'yan kallo, tef a wuya. Ya girgiza kai ya koma shago. Wannan girgiza kan ta fi ƙujewar ƙafar yi wa Injiniya ciwo.

Alhamis da safe Malam ya ce idonsa na yi masa zafi, yau ba zai kalli waya ba ko kaɗan. Injiniya ya kusa sumbatar hannunsa. Saura Anti Mai Kemis, wadda kwamfutarta kullum a buɗe take a bayan kanta. Da hantsi ya shiga kemis ɗin yana ɗingishi, yana nishi, ya zube a benci.

"Anti, ki taimaka. Na kamu da ciwon da likitoci ba su taɓa gani ba."

"Subhanallahi. Ina ke maka ciwo?"

"Kai."

Ta duba idonsa, ta auna jininsa, ta ce ba komai, ta juya wajen kwamfuta.

"Da baya!"

Ta juyo.

"Da kunne. Na hagu yana jin abin da aka faɗa jiya, na dama bai fara jin na yau ba."

Haka suka yi ta yi har bayan azahar. In ta sallami mai saye ta nufi kwamfuta, sai wani sabon ciwo ya ɓullo. Ya yi ciwon gwiwa, ya yi na haƙori, har ya ce gashin girarsa na yi masa nauyi. Can Anti ta naɗe hannu ta dube shi da tausayi mai yawa, irin wanda ya kamata mai hankali ya ji tsoronsa.

"Ƙanena, duk wannan daga ciki yake. Sai an wanke shi."

Ta zuba masa wani ruwan magani mai ɗaci a ƙaramin kofi. Ya ce zai sha a gida. Ta ce to shi ke nan, bari ta duba saƙonninta. Ya ɗaga kofi ya shanye tas.

Ƙarfe uku da rabi maganin ya fara aiki, kuma ya yi shi da gaskiya, ba irin aikin Injiniya ba. Ƙarfe huɗu ta same shi a banɗakin bayan kemis, gumi na zuba, ido a kan agogon waya. Da lokaci ya cika, ya duba zaure, ba wanda ya ce uffan. Mutum shida da ke layin sayen magani suka ji ihu daga banɗaki:

"Na ci! Wallahi na ci!"

Wata tsohuwa ta dubi Anti. "'Yar nan, irin wanda kika ba shi nake so."

Kafin ya isa gida saƙonni sun fara shigowa zaure. Anti ta rubuta, "Allah ya saka da alheri." Wani daga nesa ya ce ya yi hawaye don daɗi. Wata ta ce gobe za ta tafi hutunta na farko cikin shekara huɗu. Injiniya ya tsaya a tsakar gida yana karanta wa matarsa da ƙarfi.

"Kin ji mubaya'a ko?"

"Baban yara, mutanen da aka ƙwace wa mulki ba sa godiya haka."

"Me kika sani game da mulki?"

"Na san in na ba ka wanke-wanke ka karɓa, ni ma godiya nake yi."

Sai wayarsa ta fara rawa a hannunsa, ta ƙi tsayawa. Saƙo ɗari huɗu da goma sha biyu suka shigo a jere. Bai buɗe ko ɗaya ba. Ya ce gaisuwar talakawa ce, shugaba ba ya gaggawar amsa gaisuwa.

Washegari ya koma kemis, wannan karon ƙirji a gaba, ya miƙa hannu. "Makulli."

"Wane makulli, ranka ya daɗe?"

"Na fitar da sabuwar siga. Ina so hotona ya riƙa fitowa in an buɗe manhaja."

"Ai shawararka ba ta ambaci makulli ba. Rubuta wata, a jira kwana uku."

Injiniya ya tuna ɗakin ajiya, ya tuna rufi, cikinsa kuma ya tuna kofi. Wasu kwana ukun ba za su same shi da rai ba.

"Ba wata hanya?"

"Akwai sigar gwaji. Ita kana iya yi mata abin da ka ga dama, tunda ka ce ba mai duba aikinka. Amma ta gwaji ce, ba a sa wa mutane ita."

Rabin farko kawai ya ji. Ya je aka ɗauke shi hoto, hannu a haɓa, ido a sama. Ya zauna cusa hoton a cikin manhaja, hoton ya ƙi zama. Can ya ga wani layi guda a rubutun manhajar da ke tare masa hanya, an rubuta a gefensa, "Kada a taɓa wannan."

"Wa ya isa ya ce wa shugaba kada ya taɓa?" Ya goge shi. Hoto ya fito ɓaro-ɓaro, har da ƙurjin da ke hancinsa.

Ya bi shagunan layin ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa teloli bakwai sigar gwajin da hannunsa, yana ce musu sabuwa ce ta manya. Na ƙarshe shi ne Baba Tela.

"Baba, daga yau ka ajiye tef ka huta. Kada ka ƙara yarda da idonka, abin da manhaja ta ce shi ne. Kuma ina so ka ɗinka mini kwat da wando na bikin kama aiki, Asabar ta sama. Awona na ciki."

Baba ya buɗe awon. Ya dubi waya, ya dubi surukinsa daga sama har ƙasa, ya sake duban waya.

"Kai mai waya, ka ce kada in yarda da idona?"

"Ko kaɗan, Baba."

"To."

Asabar ta zo. Aka jera kujeru a ƙofar shagon Injiniya, aka ɗaura lasifika, aka rataya wani ƙaton ƙyalle mai hotonsa tsakanin sanduna biyu. Saura awa ɗaya a fara aka kawo kwat. Injiniya ya zura hannu, hannu ya ɓace. Ya sa wando, ƙugun ya iso masa hammata, ƙafafun suka rage a ƙasa kamar za su jira wani ya shigo. Matarsa ta zauna a bakin gado tana dariya har da riƙe ciki.

"Shigo da yaran ma, akwai wuri."

"Sabon yayi ne na shugabanni. Kawo fil."

Ta naɗe kowace ƙafar wando sau biyar, ta soke da fil, ta ɗaure ƙugun da igiyar shanya. Haka ya fito gaban jama'a, kafaɗun kwat suna tafe a gefensa kamar masu rakiya. Layin ya cika maƙil. Baba Tela na kujerar gaba, Anti da Malam na gefensa. Injiniya ya kama makirufo ta cikin hannun riga.

"Jama'a! Shekara da shekaru manhajar nan tana yawo ba makiyayi. Mutum tara, ba mai ce wa wani zauna. Sai Allah ya kawo ni. A mako ɗaya tak na yi abin da suka kasa a shekara goma. Daga yau ba wanda zai ƙara sa rigar da ba ta yi masa—"

"Ina shugaban yake?"

Murya ce kamar ta babbar mota, kuma mai ita direban babbar mota ne, wanda ake kira Ƙato. Ya ratso taro sanye da sabuwar riga wadda ta tsaya masa a saman cibiya, hannayensa a bubbuɗe don ba sa iya sauka, maɓalli ɗaya tak ke riƙe da mutuncinsa.

"Tela ya ce manhajarka ce ta ba shi awon nan. Dube ni!"

"Ai... ka ƙara ƙiba ne."

"A kwana biyar?"

Kafin ya amsa, mai aski ya miƙe daga baya, sabon wandonsa ya tsaya a gwiwa. Wata nas ta taso riƙe da rigar aiki wadda ta ce ko 'yar tsanar 'yarta sai ta riƙe numfashi. Teloli shida suka taso a bayansu, kowa da tulin kayan da aka dawo masa da su, suna magana lokaci guda.

Malam ya miƙe, ya gyara murya kamar yana gaban aji. "Layin da ka goge shi ke riƙe kowane suna da awonsa. Yanzu kowa ya gaji awon wanda ke ƙasa da shi a jeri. Kwat ɗin da ke jikinka na Ƙato ne."

"To cire mini kayana!" in ji Ƙato, ya nufo shi.

Injiniya ya ga ba zama. Ya juya zai bi ta bayan shago, fil ya ɓalle, ƙafar wando ta warware, ya taka ta. Ya kai hannu ya cafki ƙyallen hotonsa, sanduna biyu suka biyo shi, ya zube ƙasa naɗe cikin hoton fuskarsa. Wayarsa ta yi tsalle ta faɗa kusa da makirufo, tana ta rawa, lasifika na yaɗa gurnaninta har ƙarshen layi.

Anti ta ɗauki wayar da makirufo. "Ranka ya daɗe, gaisuwar talakawanka ta kai ɗari tara da shida. In karanta?"

Daga cikin ƙyalle aka ce, "A'a."

"Wannan ya ce manhaja ta ƙi buɗewa a wayar kakarsa. Wannan ta manta lambar sirrinta, ta kuma manta sunan da ta yi rajista da shi. Wannan yana tambaya me ya sa manhajar ba ta yin guga. Wannan ya turo saƙo goma sha ɗaya, duk ya ce a kira shi."

Injiniya ya leƙo da kai. "Ƙorafi ne? Duka?"

"Duka. Shekara biyu muna roƙon wani ya ɗauki amsa ƙorafi, kowa na gudu. Sai ga ka da kanka ka rubuta cewa duk maganar da ta taso kanka za ta sauka, ba mai amsawa sai kai."

"Kun karanta ke nan?"

"Minti goma bayan ka aika. Mu tara. Ba mu taɓa haɗa baki a kan abu da sauri haka ba."

Ya juya wajen Malam. "Har da kai, Malam? Ɗakin ajiya fa? Rufi fa?"

"Riƙe bakin nan na kwana uku shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi," in ji Malam. "Ai dole wani ya biya ni da gumi. Kuma da ka karanta shafi na biyu, da ka ga inda aka ce wanda ya ɓata shi ke gyarawa."

Layin ya ɗauki dariya, har masu leƙe ta taga. Injiniya ya fito daga ƙyalle da rarrafe, wando a hannu.

"Na sauka! Na yi murabus! Ku riƙe abinku!"

"Ba a sauka da baki," in ji Anti, ta miƙa masa wayar. "Murabus ma shawara ce. Rubuta a zaure. In an yi kwana uku ba wanda ya ƙi, ka sauka."

Ya ture hannun riga, ya rubuta, ya aika. Sannan ya ɗaga hannu biyu sama. "Don girman Allah, jama'a, a yi shiru. Kwana uku kawai."

Aka yi tsit. A cikin tsit ɗin nan aka ji ƙaramar ƙarar maɓallan waya. Malam ne, ya sa tabarau, yana dannawa da yatsa ɗaya a natse. Wayar Injiniya ta yi rawa. Anti ta leƙa ta karanta a makirufo:

"Ban yarda ba."

"Sai da dalili!" Injiniya ya yi ihu. "Doka ta ce sai da dalili! Shafi na ɗaya!"

Malam ya ci gaba da dannawa. Anti ta sake karantawa: "Dalili: ba mu taɓa hutawa kamar wannan makon ba."

Injiniya ya zauna daɓas a ƙasa, kwat ya rufe shi har kunne. Matarsa ta zo ta tsaya a kansa tana tsince fil daga ƙasa. "Tunda ba mai amsa ƙorafi sai kai," in ji ta, "fanka ma ta ce in gaishe ka."

Sai Baba Tela ya miƙe. Ya zare tef daga wuyansa, ya tako a hankali har gaban surukinsa, layin gaba ɗaya na kallo.

"Shugaba."

Injiniya ya ɗago. Shekara goma sha ɗaya yana jiran wannan, ga shi ya zo, a gaban mutane, da bakin Baba. Duk da kunyar da ta lulluɓe shi, wallahi sai da ya ji wani sanyi ya ratsa zuciyarsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Na'am, Baba?"

Baba ya rataya masa tef ɗin a wuya. "Mutum ɗari biyu da talatin ne a jerinmu, duk sai an sake auna su. Tashi, Shugaba, ka fara da Ƙato. Ga kujera can ka taka, don ba za ka kai kafaɗarsa ba."